Ranar da Ƙarangiya Ya Saki Matarsa

Har yau in na ce wa mutum na yi zama da Maliki akawu, sai ya yi ta kallona, bai san shi ba. In na ce Ƙarangiya, nan take sai ya ja tsaki ya ce, "Wannan mugun?" Abin yana ƙona mini rai. Mutumin ya daɗe a ƙasa, amma tsaki ake yi masa maimakon addu'a. Kusan shekara goma muka yi muna wasan kwaikwayo tare a gidan talabijin na Kaduna, saboda haka in ban faɗi abin da na sani ba, ban ga wanda zai faɗa ba.

Sunana Idi. A lokacin ina aiki a gidan waya, ranar Alhamis da yamma kuma in zama Mai'unguwa a wasanmu mai suna Layin Masu Haya. Ni ne dattijon kirki mai sasanta mutane, mai haƙuri kamar ba a taɓa ɓata masa rai ba. Ku tambayi kwandastocin bas ɗin Kawo na wancan zamanin, za su gaya muku irin haƙurina. Amma gari ya yarda ni mutumin Allah ne. In na je wurin mahauta sai an ƙara mini tsoka, tsofaffi su tare ni a hanya su ce in sa wa jikokinsu albarka. Maliki kuwa, wanda in ya ga tururuwa sai ya ɗaga ƙafa, shi ne Ƙarangiya, dillalin gidaje mai ba mutum uku hayar ɗaki ɗaya, mai kwance wa bazawara kwanon rufi da tsakiyar damina. Shi kuma Allah ya isa yake sha.

Siriri ne dogo, idonsa na hagu a ɗan ƙanƙance, yana da wata dariya ƙasa-ƙasa da ke fita ta hanci. Idon nan ne ya ja masa. Bayan an gama yaƙin basasa ba da jimawa ba, ya rako wani abokinsa wurin da muke gwaji, aka rasa wanda zai fito a ɓarawo. Furodusanmu Aminu ya dube shi sama da ƙasa ya ce, "Malam, don Allah tsaya can ka harare ni." Ya harare shi. Muka fashe da dariya, Aminu bai yi ba, sai ya ce, "An gama." Daga ranar Maliki bai sake fitowa a mutumin kirki ba. Da rana yana buga tafireta a ma'aikatar ayyuka, yana gaida masinja da rusunawa, ranar Alhamis ya zama abin tsoratar da yara.

Sai na gaya muku yadda muke aiki, don daga nan masifar ta fito. Ba mu da takarda. Aminu zai tara mu a gindin dalbejiya bayan ɗakin ɗaukar shiri ya ce, "Yau Ƙarangiya zai sayar da filin ƙwallon unguwa. Kai Mai'unguwa ka gano. Ke Uwani ki tona masa asiri." Shi ke nan. Mu gwada sau ɗaya a tsaitsaye, a kunna fitilun nan masu gasa mutum, mu shiga. Kuma kai tsaye ake watsawa, don tef tsada gare shi, ba a ɓata shi a kanmu. Abin da ka faɗa ya tafi, ba mai dawo da shi. Dokarmu ɗaya ce: kada a bar shiru. Wanda bakinsa ya mutu a gaban kyamara, sai ya yi mako yana shan tsiya. Saboda haka kowa daga gida yake ɗebo magana. Abin da matarka ta gaya maka da safe, abin da mai gidan haya ya ce maka jiya, duk ka zo da shi ka zuba, ba wanda zai gane. A nan Maliki ya fi mu duka. Ba a taɓa rufe masa baki ba, kuma yana ji da hakan.

Abin da bai iya ba shi ne zama. Mahaifinsa ma'aikacin reluwe ne, an yi ta yawo da shi tasha-tasha tun yana goye, ina jin ƙafar ta saba. Ko a kan benci ne, gwiwarsa na rawa, makullin basfarsa na kaɗawa a yatsa, ya tashi, ya zauna, ya leƙa waje. Gida ma haka. Na kama masa kaya daga Unguwar Shanu zuwa Tudun Wada, daga Tudun Wada zuwa Badarawa, daga can zuwa Rigasa. Kullum hujjarsa ɗaya, wai yara sun gano gidan, suna jifan kwano suna waƙar Ƙarangiya. Gaskiya ne suna yi. Amma na taɓa ganin ya tashi daga gidan da ba wanda ya ce masa kanzil, wai kawai ɗakin ya ishe shi.

Matarsa Turai, 'yar Malam Zakari mai hatsi ce ta Rigachikun, tana koyarwa a wata firamare a Unguwar Rimi. Gajeriya ce, mai saurin tafiya, bakinta kamar reza. Suna da 'ya ɗaya, Rabi. Ban taɓa ganin mata da miji da ke ba juna dariya kamar su ba. In ya dawo daga wasa sai ta tare shi da gyara: "Baban Rabi, can da matar nan ta ce maka kaza, ai kaza ya kamata ka ce." Ya zo ya ba mu labari yana washe baki, kamar an ba shi kujerar Makka.

Mata masu wasa a wancan lokacin sai an tona. Akwai ranar da muka ɗaura wa wani ƙato zane, aka sa ya juya wa kyamara baya. To da yarinyar da ke fitowa a Uwani, matar Ƙarangiya, ta yi aure mijinta ya ce ba da shi ba, sai Aminu ya rasa inda zai sa kansa. Maliki ya ce bari ya kawo tasa matar ta riƙe mana na mako ɗaya. Makon nan ɗaya shi ne ya zama shekara biyu. Gari ya haukace, don an samu wadda in Ƙarangiya ya faɗi ɗaya za ta faɗi goma. Malam Zakari bai so ba ko kaɗan, amma ya ce tunda mijinta ya yarda, ba shi da ta cewa. Ya rantse bai taɓa kallo ba. Sai dai an kai akwatin talabijin mai aiki da janareta ɗakin kallo na garinsu, kuma kowace Juma'a da safe akwai masu zuwa rumfarsa su karanta masa abin da 'yarsa ta faɗa, kalma-kalma.

Ranar da abin ya faru, da daminar 1976 ce. Tun da na ga shi ya zo a basfa ita ta zo a tasi, na san akwai magana. Ashe da safe ya ce mata ya samo wani gida a Kawo, ta ce ba inda za ta. Ta dasa zogale da lalle a Rigasa, Rabi ta yi ƙawaye, ƙafar gadonta ta karye tun wancan tashin. Ba mu san wannan ba. Aminu ya tsara mana cewa Ƙarangiya ya sayar da keken ɗinkin Uwani, za ta gano, su yi faɗa, ya ce ta tafi gidansu, ni kuma in shigo in sasanta. Na tsaya a bayan ƙofar katako ina jiran in ji "tafi gidanku."

Aka fara lafiya. Can sai Turai ta bar zancen keke ta kama wani.

"Kai wane irin mutum ne da ba ka iya shekara a gida ɗaya? Kullum kayana a kan amalanke, maƙwabta na kallo. Tukunyata ta san hanyar Kaduna fiye da direban tasi!"

Masu kyamara suna cizon leɓe kada su yi dariya. Maliki ya yi dariyar nan tasa ta hanci, amma na ji ba ta fita daidai ba. Ya ce, "To ki tattara ki tafi gidanku." Na ɗora hannu a ƙofa zan shiga, ta riga ni.

"Ba inda za ni. In ka cika namiji, ka sake ni nan a gaban mutanen gari!"

Sai shiru. Karo na farko tun da na san shi, bakin Maliki ya mutu. Aminu yana can bayan kyamara yana kaɗa hannu kamar mai korar kaji, a yi magana, a yi magana. Maliki ya dube ta ya ce, "Na sake ki. Saki uku!"

Na faɗa ciki da sallama, na yi ta "haba, haba, a yi haƙuri," na sasanta su kamar kullum, aka kashe fitilu. Muka yi ta tafi. Aminu ya ce ba mu taɓa yin wasa mai kyan wannan ba. Wallahi cikinmu ba wanda ya kawo komai a ransa. Su kansu dariya suke yi, faɗan ya huce. A basfa ɗaya suka tafi gida, tana riƙe da rigarsa, ya ce mata ya fasa Kawo.

Washegari da sassafe Malam Zakari ya sauka daga mota a ƙofar gidansu. Bai zauna ba, bai sha ruwa ba. Ya ce wa 'yarsa, "Ɗauko mayafinki, ki ɗauko yarinyar."

Maliki ya durƙusa. "Baba, wasa ne fa."

"Na san wasa ne. Shi ya sa na zo da kaina. Matarka ce ko ba matarka ba?"

"Matata ce, Baba."

"Bakinka ne ya faɗa ko na wani?"

"Nawa ne."

"To tun muna yara aka karantar da mu, saki ko da wasa aka yi shi ya auku. Ba zan bar 'yata ta kwana a gidan da ban tabbata akwai aure ba."

Na so in tsani tsohon nan, na kasa. Ba mugunta ce ta kawo shi ba, tsoron Allah ne, kuma Maliki ya ce da ya juya zai fita hawaye yake sharewa da bakin rawani. Ga shi saki uku ba kome. In ya tabbata, Turai ta haramta gare shi, sai in ta auri wani, sun yi zaman aure na gaske sun rabu.

Daga nan muka shiga yawon neman fatawa, shi a gaba ni a bayan basfa, ruwa na dukanmu. Wani malami a Tudun Wada bai ma bari mun gama bayani ba ya ce ya auku. Wani a Unguwar Sarki ya ce bai auku ba, amma kada mu ce shi ya faɗa. Wani matashi da ya dawo daga karatu a ƙasar Larabawa ya ce uku a numfashi ɗaya ɗaya ne, a mayar da ita kawai. Muka kai wa Malam Zakari wannan da gudu, ya ce shi bai san wannan karatun ba, malamansa ba su koya masa ba. Duk inda muka samu amsa mai daɗi, kafin mu isa gida Maliki zai ce, "Mu ƙara jin na wani." In muka samu mai ɗaci ma haka zai ce.

Gari kuwa ya samu abin yi. A kasuwa, a cikin bas, a layin famfo, kowa ya zama alƙali. Abin da ya fi ba ni haushi, yawancinsu murna suke yi. Wai Allah ya raba baiwar Allah da azzalumi. Mata suka riƙa aika wa Turai da barka. Wani ɗan kwangila mai ƙaton ciki har ya tura a gaya wa mahaifinta yana ciki in ta gama idda. Na tsaya a tashar Kawo na yi ta yi wa mutane ihu cewa mutumin nan ko kaza bai iya yankawa ba, sai wata tsohuwa ta dafa ni ta ce, "Mai'unguwa, kai dai ka cika kare mugu." Wani abokin aikinsa kuma ya ja shi gefe ya ce a nemo wanda zai yi auren kisan wuta, ya aure ta na kwana biyu ya sake ta. Ranar ce kaɗai na ga Maliki ya ɗaga hannu zai mari mutum.

Bai daina wasa ba. Aminu ya ce a ce Uwani ta yi yaji. Kowace Alhamis yana zuwa, ya rame, idon ya ƙara faɗawa, muguntar Ƙarangiya ta ƙara kyau, jama'a suka ƙara tsanarsa. Gidan Rigasa ya gagare shi kwana. Yau yana ɗakina, gobe wurin Aminu, jibi ban san inda yake ba. Ya kan hau basfa bayan an tashi aiki ya tafi Rigachikun, ya tsaya a bakin titi nesa da gidan, ya sayi rake ya riƙe bai sha ba, ya juyo. Idda kuma tana tafiya.

A ƙarshe Malam Zakari ya ce akwai mutum ɗaya da zai ji maganarsa, tsohon malaminsa na Zariya, Malam Muhammadu. Duk abin da ya yanke ya karɓa, in Maliki ma ya yarda. Maliki ya yarda. Ni da Aminu muka riga muka je Zariya don mu yi wa malamin bayanin sana'armu, tunda bai taɓa ganin talabijin ba. Tsoho ne ƙarami mai sanyin murya. Ya yi ta tambaya, wa ke sa muku magana a baki, mutane sun san ba gaske ba ne, ita matar ta san wasa ake yi. Da ya gama ji ya ce, "In na zauna ina karantar da ɗalibai, matata na zaune, na ce miji yakan ce na sake ki, ban saki matata ba. Maganar wani na ɗauko, hikaya ce. In yaron nan maganar wancan dillalin ya ɗauko yana gaya wa matar dillalin, babu saki. In kuwa da tasa matar yake, ya auku. Zan zo in tambaye shi."

Muka fito kamar mu yi rawa a titi. Aminu ya ce shi zai ba da shaida cewa tun a gindin dalbejiya ya tsara sakin. Ƙarya ce, bai tsara ba, na ce masa ni ma zan ce na ji. Har gobe ban ga laifinmu ba.

Na biya Rigachikun da sunan kai wa Rabi takalmi, Turai ta same ni a zaure. Ta rame ita ma, amma bakin yana nan.

"Malam Idi, ka ce masa ya ce da Uwani yake. Kalma ɗaya ce. Mutumin da yake shirga wa duk Arewa ƙarya kowace Alhamis, kada ya ce mini wannan ta fi ƙarfinsa."

Na isar da saƙo. Ya yi dariya, ya ce, "Haka ta ce?" Ya sa na maimaita masa har ban san sau nawa ba. Sannan ya tashi ya fita, ya dawo, ya tambaye ni ko Rabi ta yi tsawo. Bai ce zai faɗa ba, bai ce ba zai faɗa ba. Ni kuma ban matsa ba, don a ganina ba abin tambaya ba ne.

Ranar Asabar da hantsi aka zauna a zauren Malam Zakari. Malam Muhammadu yana kan buzu, mai gida a gefensa, ni da Aminu da Maliki muna fuskantarsu. Turai da mahaifiyarta suna bayan ƙofar cikin gida, ana jin motsinsu. A waje jama'a sun cika, yara sun hau katanga don su ga Ƙarangiya ido da ido. Aminu ya gyara murya zai fara shaidarsa, malamin ya ɗaga masa hannu.

"Ba na buƙatar shaida. Abin da ke zuciyar mutum ba mai shaidarsa sai shi da Mahaliccinsa." Ya juya ga Maliki. "Ɗana, lokacin da ka faɗi kalmar nan, da wa kake?"

Na zunguri Maliki da gwiwa. Ya dubi tabarma, ya dubi ƙofar cikin gida, ya share zufa.

"Allah gafarta Malam, da matata nake."

Na ji kamar an watsa mini ruwan zafi. Aminu ya ce, "Maliki!" Malamin bai motsa ba. Ya ce, "Ka yi tunani, ɗana. Ban ce ka rantse ba, kuma ba sauri nake ba. Wataƙila zafin wasa ne ya ɗebe ka."

Ƙofa ce tsohon ya buɗe masa, kowa a zauren ya gane. Har Malam Zakari na ga ya ɗago kai yana kallonsa kamar mai roƙo.

Maliki ya ce, "Da safiyar ranar mun yi faɗa a kan tashi daga gida. Maganar da ta faɗa a wurin ba ta Uwani ba ce, tata ce, na san ta. Ta ba ni haushi a gaban mutane, na rasa abin cewa, na faɗi wannan don in rufe mata baki. Kafin in rufe nawa na yi nadama. Amma ba wata Uwani a gabana a lokacin, Turai nake gani. In na ce ba haka ba za ta dawo, na sani. In riƙa kallonta kullum ina sane da abin da na sani. In muka sake haihuwa fa, Malam? Me zan kira yaron?"

Malam Muhammadu ya ce, "Allah ya saka maka. Ya auku."

Ban san sanda na miƙe ba. Na manta da malami, na manta da surukinsa, na ce masa wawa, na ce masa sakarai, na ce duk Kaduna ba wanda zai gode masa. Bai ɗago ba. Malam Zakari ya rufe fuska da hannu biyu, kafaɗunsa na rawa. Sai muryar Turai ta fito daga bayan ƙofa, a sama, tana karyewa.

"Baban Rabi! Sau ɗaya tak a duniya aka roƙe ka ka yi ƙarya!"

Muka ji mahaifiyarta ta ja ta ciki.

Kuma ban yi ƙarya ba, ba wanda ya gode masa. Labarin da ya isa gari shi ne Ƙarangiya ya je har gidan surukinsa ya ce da gangan ya yi. Ya ci gaba da wasa har ƙarshen shekarun 1970, lokacin da aka fara rubuta mana magana a takarda, ya ce shi bai iya faɗin abin da wani ya tauna ba, ya bari. Turai ba ta auri ɗan kwangilar ba. Bayan shekara biyu ta auri wani hedimasta mai hankali, suka koma Birnin Gwari, ta haifa masa 'ya'ya, kuma mutumin bai ga dalilin da zai sa ya sake ta ba. Maliki bai taɓa yi masa fatan hakan ba, ko a gabana. Ni na yi.

Amma kafin mu bar Rigachikun a ranar, bayan jama'a sun watse, muna ƙoƙarin tayar da basfa ta ƙi tashi, sai na ji an kira ni daga zaure.

"Malam Idi."

Turai ce. Ta wanke fuska, ta ja mayafi har goshi, tana riƙe da langa a rufe. Maliki yana tsaye kusa da ni, in ta miƙa hannu za ta taɓa shi. Ba ta dube shi ba.

"Ka ce masa ya ci kafin ya hau hanya. Na san tun jiya bai sa komai a cikinsa ba. Ka ce masa maganin cikinsa yana cikin gwangwanin da ke bayan rediyo, kada ya ce bai gani ba. Ka ce masa duk ranar da ya so ganin Rabi ya aiko, za a fito masa da ita."

Yana ji, amma ni take gaya wa, don daga ranar ya zama baƙo. Na karɓi langar na rasa yadda zan yi, sai na juya na ce masa, "Wai ka ci."

Ya ce, "Ka ce mata na gode."

Ta koma ciki. Ya zauna a kan dakali ya buɗe, dambu ne da zogale, da zafinsa. Ta dafa shi ne tun da safe, don ta ɗauka tare za su ci kafin su kama hanyar gida. Cokali biyu ne a ciki. Ya ɗauki ɗaya ya fara ci, ni kuma na juya baya ina kallon motocin Zariya suna wucewa.